Sunan Labbo a Gonar Aro

Duk wanda ya san Malam Labbo a Bungudu, da baro ya san shi. Dogon tsoho ne siriri, mai furfura a gemu, kuma duk rani za ka gan shi yana tura baro cike da toka da kashin awaki daga cikin gari zuwa wata gona a bayan gari. Matan unguwa har sun saba, in sun share turke sai su tara masa a bakin ƙofa. Wasu suna yi masa kallon wanda talauci ya taɓa wa kai. Ba su san mutumin nan ya taɓa ɗaure dami ɗari biyu a shekara guda ba.

A wata tunga bayan Kucheri aka haife shi, cikin ƙasar Tsafe, a gidan da noma ne gaba da baya. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, don tun yana shekara tara ubansa Malam Yusha'u ya miƙa masa hauya. Amma in dai maganar ƙasa ce, Labbo malami ne. Yakan damƙi ƙasa ya murza, ya shinshina, ya faɗa maka abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi. Ya auri Rabi, suka haifi bakwai, biyar suka rayu. Rumbu uku gare shi da shanun huɗa biyu. Bai taɓa zuwa kasuwa awon abin da zai ci ba, kuma yakan faɗi haka da alfahari fiye da kima, har sai Rabi ta ce masa ya rage, mutane na ji.

Sai mutanen daji masu bindiga suka matsa. Da farko shanu suka kora, daga baya suka hana zuwa gonakin nesa, daga ƙarshe suka aiko cewa kowa ya tashi. Labbo ya fito da iyalinsa da abin da kai zai iya ɗauka, ya bar rumbuna cike. Ba ya son a tambaye shi labarin wannan rana, in ma an tambaya sai ya kawo zancen ruwan bara.

A Tsafe suka sauka, cikin wani kango. 'Ya'yan suka watse neman abinci, manomin dami ɗari biyu ya koma dako a bakin titin Funtuwa, yana loda buhunan wasu a mota. Nauyin bai dame shi ba. Abin da ke ci masa rai shi ne ya ɗora buhun gero a wuya, ya ji ƙamshinsa, ya gane har irin ƙasar da ta ba da shi, sannan ya sauke ya juya.

A nan wani dattijo mai suna Alhaji Ahmadu ya gan shi. Tsohon malamin makaranta ne daga wani babban gida na Gusau, kuma shekara arba'in da suka wuce an taɓa tura shi koyarwa Kucheri, inda ya yi shekara uku yana cin tuwon gidan Malam Yusha'u. Ya tsaya yana kallon ɗan dakon da ke ɗaure masa kaya, sannan ya ce, “Kai ba ɗan Malam Yusha'u na tunga ba ne?” Kafin motar ta tashi ya ba shi aron wata gonar gidansu da ke Bungudu.

Gona ce a suna kawai. Fako ne da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, an shekara goma ba a waiwaye ta ba. Labbo bai damu ba, ya kwashe Rabi suka kama ɗaki guda a Bungudu. Ƙa'idar aro kuwa ba sai an karanta wa kowa ba a ƙasar nan. Ba a dasa itace, ba a gina rijiya, ba a kafa abin da zai daɗe. In an yi girbi, a kai wa mai gona dami ɗaya ko biyu har gida, don a nuna an san mai ita. Kuma ba a rubuta komai, magana ce tsakanin mutum biyu da Allah.

Shekara uku Labbo ya yi yana lallashin ƙasar nan. Ya haƙa ramuka a fakon ya cika su da taki, ya tare zaizaya da duwatsu, ya bi ƙuduji yana tugewa da hannu tun kafin ya yi fure. Shekarar farko dami goma sha ɗaya ya ɗaure, ta uku ya ɗaure arba'in. Ya san in ya samu takin zamani ko buhu biyu ne, gidansa zai ci har wata kaka ba tare da Rabi ta je awo ba. Sau biyu ya bi layin takin tallafi, sau biyu aka nemi takardar mai unguwa cewa gonar tasa ce. Shi kuma da gaskiyarsa ya ce aro ce, aka ce ya matsa, taki na masu gona ne. Ya tsaya gefe yana kallon mutanen da tafin hannunsu ya fi na amarya laushi suna ɗora buhuna a mota.

Ana nan sai ga Muzdalifa, wata matashiyar malamar gona daga Gusau. Yarinya ce mai zuciya, wadda abin da ake yi wa irin su Labbo ke ɓata mata rai da gaske. Ita ta sa sunansa cikin manoman da za a kai wani babban taro a wani otal a Gusau, inda za a ƙaddamar da sabon shiri. Labbo ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi.

Maganar da ya ji a wurin ta shige shi. Masu jawabi suka ce daga yanzu za a gina tsarin tattalin arziki a kan haƙƙin ɗan Adam. Suka ce abinci haƙƙi ne ba alfarma ba, ba za a ware kowa don ba shi da gona ko don an kore shi daga garinsu ba, kuma ba za a yanke komai ba sai an ji ta bakin talaka. Taki na mai noma ne, ko gonar tasa ce ko ba tasa ba. Labbo ya ji ƙwalla ta taru masa. Sai wani mai kwat ya tashi ya bayyana yadda za a yi: ma'aikaci zai je kowace gona ya zaga iyakarta da waya, a auna ta, a haɗa ta da sunan manomi, don kada taki ya faɗa hannun waɗanda ba sa noma.

Nan Labbo ya ɗaga hannu. Abin da yake so ya ce gajere ne, gonar aro ba a zaga ta. Shugaban taro ya dubi agogo ya ce lokacin azahar da abinci ya yi, za a karɓi tambayoyi in an dawo. Da aka dawo aka ce a fito hoto. Labbo suka sa a sahun gaba, don fuskarsa ta dace da abin da ake so a nuna. An ɗauko mutum tun daga Bungudu don a ji ta bakinsa, an ba shi shinkafa da cinyar kaza da hula mai rubutu, an ji ta bakin kowa a ɗakin nan ban da shi. Abin haushin ma, babu wanda ya yi haka da mugunta.

Bayan wata biyu, ana cikin sharar gona, Muzdalifa ta iso Bungudu da wayarta da wata ƙaramar na'ura mai fitar da takarda. Ta same shi a ƙofar ɗaki ta ce yau ake rufe rajista, da la'asar.

“Malama,” in ji Labbo, “ki bari in tahi Gusau in shaida ma Alhaji tukuna. Wagga gona ba tawa ba ce.”

“Ai saboda irinku anka yi shirin, Baba. Ba mallaka muka rubutawa ba, mai noma muka rubutawa. Haƙƙinka ne. In la'asar ta yi, ko ni ba ni iya buɗe ta.”

Alhaji Ahmadu yana kwance ba lafiya tun azumi. Suka kira wayarsa sau uku ba a ɗauka ba. Rabi, wadda ke tankaɗe a bakin ƙofa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Malam, ka bar takin ya wuce. Mun ci bara babu shi.”

Da ya ji maganarta, da ba a kai ga wannan labari ba. Amma mutum ne da aka kora daga layi sau biyu, yau kuma ga layin ya biyo shi har ɗaki. Ya tuna ramukan da ya haƙa, ya tuna dami arba'in da za su iya zama saba'in. Ya ɗauki hularsa ya ce su je.

Tsarin ya ce sai da shaidu biyu da wakilin mai unguwa, aka nemo su. Labbo ya shiga gaba yana nuna iyaka, daga tushen gamba zuwa tsohon gawo, daga nan zuwa bakin kwazazzabo. Muzdalifa na biye da waya a ɗage, shaidu na biye da ita. To, a ƙasar nan sau biyu kawai ake zaga iyakar gona da shaidu da wakilin mai unguwa, ranar da aka sayar da ita da ranar rabon gado. Kowane yaro ya san wannan, masu kwat ne kawai ba su sani ba, kuma wanda ya tashi gaya musu an ce ya jira bayan abinci. Maƙwabta da ke ƙona kara suka miƙe suna kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Allah shi sanya alheri, Malam Labbo. An saye ke nan?”

Labbo ya ce a'a, na taki ne. Mutumin ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba.

Da suka dawo inda suka fara, na'urar ta fitar da 'yar takarda. Wakilin mai unguwa ya karɓa ya karanta a fili: “Gonar Labbo Yusha'u.” Sai lamba, sai faɗinta. Labbo ya juya ga Muzdalifa.

“Malama, ba haka munka yi da ke ba.”

Muzdalifa ta duba takardar, ta duba wayar. Ta ce gurbin suna ɗaya ne, haka take fitarwa ga kowa, kada ya damu.

Washegari da sassafe ya shiga motar Gusau, amma labari ya riga shi isa. Zaharaddeen, babban ɗan Alhaji, shi ya tare shi a zaure. Ma'aikacin kotu ne, ya ga shari'ar gona iri-iri. Ya gaishe shi da ladabi, ya sa aka kawo ruwa, ya saurari bayaninsa har ƙarshe bai katse shi ba.

“Na yarda da kai, Baba Labbo,” ya ce. “Ba kai nike tsoro ba. Amma kai da Alhaji duk kun manyanta. In ba ku, mi za ya rage? Wagga takarda mai sunanka, da mutum uku da sunka ga an zaga iyaka. Mu kuma ba mu da ko layi guda a rubuce, tun kakanni da baki muka riƙe ta. Na ga an amshe gona da abin da bai kai wannan ba.”

Labbo ya san gaskiya yaron ya faɗa. Aka shiga da shi wurin Alhaji. Tsohon yana kwance a kan katifa, ya rame ƙwarai. Ya riƙe hannun Labbo ya daɗe, sannan ya ce a hankali, “Da ka tambaye ni, Labbo.” Labbo ya gwammace a ce zaginsa ya yi.

A bakin ƙofa Zaharaddeen ya faɗi sharaɗi. In ya kawo takardar da ke nuna an cire sunansa kafin ruwan shuka, gona na nan a hannunsa kamar da. In ruwa ya riga shi, to dole bana su noma ta da kansu, don duk Bungudu ta ga ko ta wa ce.

Daga ranar Labbo ya zama ɗan hanyar Gusau. Ofishin farko aka ce mai kujerar ya tafi taro. Da ya dawo daga taron ya ce shi sa suna kawai aka ba shi iko, cirewa sai sama. A saman aka ce waɗanda suka haɗa na'urar ba a jihar suke ba, amma ya cike takardar koke. Takardar koken dalilai uku ta yarda da su: manomi ya rasu, ko sunansa ya fito sau biyu, ko ya ba da bayanin ƙarya. Labbo ya ce shi aro ne dalilinsa. Ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya, ya ce babu aro a nan, sai dai ya zaɓi na ukun ya dangwala.

“In dangwala cewa na yi ƙarya? Ni da gaskiya ta hana ma taki shekara biyu?”

Ya fita ransa a ɓace. A hanyar komawa ya ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska na ɗauke da ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Da gari ya waye ya koma ofishin, ya miƙa babban yatsansa, ya dangwala cewa shi maƙaryaci ne. Ma'aikacin ya buga hatimi, ya jefa takardar cikin wani kwali, ya ce kwamitin duba koke zai zauna bayan damina, don yanzu kowa na kan aikin rabon taki.

Muzdalifa ma ba ta zauna ba. Ta bi manyanta ofis-ofis tana roƙon a ƙara gurbi guda, a rubuta sunan mai gona daban, na mai aro daban. Aka yaba mata, aka ce shawara ce mai kyau, ta sa a rahoto za a duba a bitar baɗi. Ta rubuta wa Zaharaddeen wasiƙa da hannunta. Ya karanta ya ce ya gode, amma wasiƙar ma'aikaciya ba ta goge abin da ke cikin na'urar gwamnati.

Ranar wata Alhamis da yamma ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Da safe Labbo ya saɓa sungumi ya fita, ƙafafunsa suka kai shi inda suka saba. Ya tarar da 'yan ƙwadago shida sun yi layi suna shuka masara. Ya yi musu barka da aiki, suka amsa kansu a ƙasa. Ya lura suna tsallake ramukan da ya cika da taki, suna zuba iri a kan tsandauri. Har ya buɗe baki zai gyara musu, sai ya tuna ba a tambaye shi ba. Ya juya gida da sungumin a kafaɗa, Rabi ta karɓa ta jingine a bayan ƙofa.

Abin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Masu gonaki a Bungudu suka tsorata, cikin mako guda aka karɓe aro daga hannun wasu mutum huɗu da suka yi gudun hijira irinsa, alhali su ko rajistar ba su yi ba. A masallaci suna ba shi hannu, amma ba sa kallon idonsa. Wannan ya fi rashin gonar yi masa ciwo.

Masara ta kai gwiwa lokacin da saƙo ya shigo wayar maƙwabcinsa cewa Labbo Yusha'u ya zo ya karɓi taki buhu biyu. Ya ce ba inda za shi. Rabi ta ce, “Tahi ka amso, Malam. Ka bar masu gona, kada ka bar masu wannan ma.”

A filin rabo Muzdalifa ce zaune a teburin. Da ta kira sunansa muryarta ta yi ƙasa. Ta karanta masa sharaɗi kamar yadda take karanta wa kowa: ba a sayarwa, ba a bayarwa, kuma a gonar da ke da wannan lamba kawai za a zuba shi. Wani babba da ke tsaye bayanta ya ce a ɗauki hoton tsohon nan, don a duk yankin shi kaɗai ne ɗan gudun hijira da ya shiga shirin.

Labbo ya dangwala. Sannan ya dube ta, ba da faɗa ba, ya ce, “Malama, ina zan zuba shi?”

Na bayansa a layi ya ce a yi sauri, hadari na tahowa.

Ya jawo buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin titi, ya zauna a kai yana jiran ɗan acaɓa. Masu gona suna ta ɗaure nasu a babura suna wucewa, kowa na sauri ya zuba kafin ruwa, don ƙasa ta sha. Shi ba shi da abin yi wa sauri. Yayyafi ya fara, mutane suka ruga ƙarƙashin rumfuna. Sai ya lura bakin buhu ɗaya ya yage, farin takin na leƙowa, ɗigon ruwa na faɗa masa yana narkewa. Bai tsaya tunani ba. Ya miƙe ya tuɓe rigarsa, ya lulluɓe buhun da ita, ya danne gefe da gefe da duwatsu, ya tsaya a kansa daga shi sai 'yar shara, ruwa na dukansa.